Ba da Shaidar Bangaskiya a Sudan: Tambayoyin da 'Yan'uwa Suka Fi Yi

Mu da muke sujada da Hausa a ƙasar nan ba mu da yawa. Akwai 'yan Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa da aiki ya kawo, akwai 'yan Maraɗi, akwai kuma irina, Bahaushe gaba da baya daga wani ƙauye a kudancin Katsina, wanda kakansa Bamaguje ne da ya karɓi baftisma da furfura a kansa. Gyaran injin ban-ruwa ne ya kawo ni Jazira a 2009. Na zauna Wad Madani har Disambar 2023, yanzu ina Gadarif. Tun da kaina ya yi fari 'yan'uwa suka mai da ni wurin kawo tambaya, wasu ido da ido, wasu ta waya daga Kasala da Bur Sudan. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Ni ba fasto ba ne, ba kuma lauya ba. Dattijon ikilisiya ne mai baƙin mai a farce.

Baba, mece ce shaida? Ba wa'azi ba ne aka sake wa suna?

Ba shi ba ne. Mai wa'azi yana buɗe Littafi ya bayyana abin da Allah ya faɗa wa kowa da kowa. Mai shaida kuwa abin da ya same shi yake faɗa, kamar wanda alƙali ya kira ya ce masa, me ka gani? Ba a kira shi don ya yanke hukunci ba.

Duba makahon nan na Yohanna sura 9. Manyan malamai suka tsare shi suna so ya ce wanda ya warkar da shi mai zunubi ne. Bai shiga gonar da ba tasa ba. Ya ce wannan kam bai sani ba, abin da ya sani ɗaya ne, dā ba ya gani, yanzu yana gani. Haka mutumin nan na Markus sura 5 da ya roƙa a bar shi ya shiga jirgi ya bi Yesu, aka ce ya koma gida ya gaya wa mutanensa abin da Ubangiji ya yi masa.

A majami'unmu na gida mun saba da lokacin shaida ranar Lahadi. Wannan ya tashi ya ce ya sayi babur, waccan ta ce ta sauka lafiya. Godiya ce, babu laifi. Sai dai maƙwabcinka Musulmi shi ma ya sayi babur, matarsa ma ta sauka lafiya, har ya yanka rago ya yi karama ya kira ka ka ci. Wannan ba sabon labari ba ne a kunnensa. Abin da bai taɓa ji ba shi ne me Almasihu ya taɓa a cikin zuciyarka, da abin da ya sauya a zamanka da mutane.

A gidan Kirista aka haife ni. Ban taɓa shan giya ba balle in daina. Me zan faɗa?

Faɗi gaskiyar da kake da ita, ko da ƙarama ce. Wannan tambayar ita ce ta fi kowace damuna, domin daga ita ake zamewa a faɗa shaidar zur.

Akwai wani yaro da ya taɓa zama da mu a Madani. Ya ga ana sauraron masu labarin ban tsoro, sai ya tashi ya ce shi dā matsafi ne, har yakan ɓace. Jama'a suka yi ta haleluya. Bayan 'yan watanni wani ɗan garinsu ya zo kasuwanci, ya ce ai wannan tun yana ɗan shekara bakwai yake buga ganga a ƙungiyar waƙa ta majami'arsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a Sudan kuwa ya fi ƙurewa, don duk mai jin Hausa a nan ya san wanda ya san ka. Abin da ya fi ciwo, akwai Musulmi biyu abokan aikinsa da ya ba su wannan labarin. Daga ranar duk abin da wani cikinmu ya faɗa sai su yi murmushi.

Allah ba ya bukatar a yi masa ƙarin gishiri. In ka zauna ka yi tunani za ka tarar akwai ranar da bangaskiyar iyayenka ta zama taka. Wataƙila ranar da ka binne mahaifiyarka ce, ko ranar da aka miƙo maka cin hanci hannunka ya ƙi karɓa ka rasa dalili, ko daren da harsashi ke wucewa kan rufin ɗaki ka sami kanka kana addu'a da gaske karo na farko. Fara daga nan. Kada kuma ka wanke kanka tas a ƙarshen labari. Wanda kake gaya wa ya ga fushinka jiya a wurin aiki. Ka ce masa har yanzu ana kan gyara.

Dokar ƙasa ta yarda in yi maganar addinina da Musulmi?

A nan zan ɗan daɗe, don rashin sani ya jefa mutane cikin wahala.

Dokar laifuka ta 1991 tana da sashe na 126 wanda ya yanke kisa ga Musulmin da ya bar addini ya ƙi komawa. Tun kafin ta ma, a zamanin Shugaba Numairi, an rataye wani malami mai suna Mahmud Muhammad Taha ranar 18 ga Janairu 1985 bisa tuhumar ridda. Da wannan sashe na 126 ne wata kotu a Khartum ta yanke wa Maryam Yahaya Ibrahim hukuncin kisa a watan Mayu 2014 tana da tsohon ciki. A kurkukun mata na Umdurman ta haihu, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a watan Yuni. A Yulin 2020, ƙarƙashin gwamnatin riƙon ƙwarya, lokacin da Nasruddin Abdulbari yake ministan shari'a, aka cire laifin ridda, aka sa hukunci ga mai kafirta wani a madadinsa.

To, kada murna ta ɗauke ka. Na farko, sashe na 125 na cin zarafin addini yana nan. Ka gaya wa mutum abin da ka gaskata, wannan daban. Ka aibata Annabinsa ko Littafinsa, wannan ɗauri ne, in ma jama'a sun bari ka kai gaban alƙali. Na biyu, abin da aka goge a takarda bai gogu a kan kowane jami'i ba. A 2022, bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, an kama Kiristoci huɗu a Zalinji ta Darfur aka tuhume su da wannan ridda da aka riga aka soke, sai daga baya kotu ta kori ƙarar. Na uku, dokar iyali ta Musulmi ba ta bi sawun gyaran ba, don haka maganar aure da gado da riƙon 'ya'ya tana nan yadda take ga wanda ya sauya addini. Ka lura kuma, shari'ar Maryam daga ƙarar dangi ta faro, ba ɗan sanda ne ya je nemanta ba.

Na huɗu, mu baƙi ne. Ƙasar nan ta daɗe tana sa ido kan baƙo mai aikin bishara. An yi dokar ƙungiyoyin mishan a 1962, aka kori 'yan mishan daga kudu a 1964. A 2017 ma an yanke wa wani ɗan ƙasar Cek, Petr Jašek, ɗaurin rai da rai bisa zargin leƙen asiri kafin a yi masa afuwa a sake shi. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, baƙo abin zargi ne a kowane shingen bincike. Takardar zamanka ta ce kai bakanike ne ko ma'aikaciyar jinya. Raba takardu a kasuwa ko tara mutane a tashar mota ba ya cikinta. Hira da abokinka kan shayi, shi ya tambaya kai ka amsa, wannan kuwa tun zuwana nake yin ta ban taɓa kwana a hannun hukuma ba.

Hausawan nan da sun ji Hausa a bakina sai su ɗauka ni Musulmi ne. In bar su a haka?

Kada ka bar su. Ka gyara tun ranar farko, cikin fara'a. In ka ɓoye wata shida sannan aka gano, ba za a ce kunya ka ji ba, za a ce ɗan leƙen asiri ne.

Ni ga yadda takan kasance mini. Ina kasuwar riɗi, an gaisa, an tambayi gari, na ce Katsina, an yi masha Allah. Aka kira azahar, dattijo ya miƙo mini buta. Sai in ce, "Alhaji, ni mai bin Almasihu ne, amma je ka, zan tsare maka buhunanka har ka idar." Zai tsaya ya dube ni daga hula har takalmi. Wani ya yi dariya ya ce wasa nake. Da yawansu ba su taɓa jin akwai Bahaushe Kirista ba.

Kafin ka ji haushin mamakinsu, ka san tarihinsu. Kakannin mutanen nan da ƙafa suka tako. Wasu hanyar hajji ce ta biyo da su, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma. Wasu hijira suka yi bayan Turawa sun ci Sakkwato suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogi kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, guminsu yana cikin abin da ya raya su. Mutanen da addini ya sa kakansu ya bar gida da gona, Hausa da Musulunci zane ɗaya ne a wurinsu. Kalmar Nasara kuma a kunnensu tana nufin waɗanda suka harbe Attahiru. Shi ya sa ba na kiran kaina da ita. Nakan ce Masihi kamar yadda ake faɗa da Larabcin nan, ko mai bin Almasihu.

Ka tuna kuma suna da nasu miki. Bayan fiye da shekara ɗari ana ce musu Fallata, ana ce musu Takari, ana nuna musu su baƙi ne. Rikicin yankin Damazin na 2022 ya ci rayukansu da yawa ya raba dubbai da gidajensu. In ka zo musu da ɗagawa irin ta ɗan birni da ya zo wayar da ƙauyawa, ka rufe ƙofar da Hausarka ta buɗe maka.

In ce Yesu ko in ce Isa?

Ni nakan ce Isa Almasihu da su, in ce Yesu a cikin sujada, kuma ban ga na yi munafunci ba. Larabawa Kirista Yasu'u suke cewa. In abokinka ya tambayi bambancin, ka samu abin hira.

Bulus ya ba da labarin tubarsa sau biyu a Ayyukan Manzanni, sura 22 da sura 26. A ta farko, gaban taron Yahudawa masu fushi, ya yi musu magana da harshensu, suka ƙara yin tsit. Ya ambaci malaminsa Gamaliyel, ya ambaci Hananiya da cewa mutum ne mai kiyaye Shari'a. A ta biyu, gaban Sarki Agaribas, ko sunan Hananiya bai kawo ba. Labari ɗaya ne, bai ƙara ƙarya ko ɗaya ba, ya dai zaɓi abin da kowane kunne zai iya ɗauka.

Hattara da kalma ɗaya in kana haɗawa da Larabci. Shaida a Larabce shahada ce. Wani ɗan'uwa ya taɓa ce wa abokan aikinsa yana so ya ba su shahadarsa, nan take aka hau kabbara, an ɗauka musulunta zai yi. Da ƙyar ya fita daga wannan kunya, su ma suka ji kamar ya yi musu ba'a. Ka ce kawai bari in ba ka labarina. Kalmomin cikin majami'a irin su barata da fansa da sabuwar haihuwa, ka ajiye su sai an nema. Gafara da kunya da tsoron mutuwa da haƙƙin wani a wuya, waɗannan kowa ya san su.

Sun ce addinin Turawa ne, baƙo ne a Sudan. Me zan ce?

Wannan ƙasa ta riga da yawa daga cikin ƙasashen Turai shiga labarin Kiristanci. Mutumin da Filibus ya tarar cikin keken doki yana karatun Ishaya, a Ayyukan Manzanni sura 8, ma'ajin Kandaka ne. Kandaka kuwa sarautar sarauniyoyin Marawi ta dā ce, wadda dalarta ke tsaye har yau a Bajarawiya, arewa da Shandi. Sunan bai mutu ba, da shi aka riƙa yi wa matan da suka fito zanga-zangar 2019 kirari. Wajen shekara ta 543 masarautar Nobatiya ta karɓi Kiristanci, a 580 wani bishop mai suna Longinus ya yi wa sarkin Alwa baftisma, sarkin da fadarsa take Soba, nan kusa da Khartum. Da Dongola da Soba sun yi ɗaruruwan shekaru suna masarautun Kirista kafin Funj su kafa Sinnar a 1504. Zanen bangon babbar majami'ar Faras, da masana daga Folan suka tono a farkon shekarun 1960 kafin ruwan madatsar Aswan ya rufe wurin, an raba shi tsakanin Khartum da Warso.

Mu ma muna da igiyar da ta ɗaure mu da sunan. Mishan ɗin da suka zo ƙasarmu, SIM a 1893 da SUM ta Karl Kumm a 1904, duka suna da Sudan a cikin sunansu, don a lokacin haka ake kiran duk faɗin ƙasar baƙar fata daga yamma har Bahar Maliya. Tarayyar ikilisiyoyin da yau ake kira TEKAN, da TEKAS ta fara, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan. Ita SUM ɗin ce kuma ta buɗe aiki a Haiban cikin duwatsun Nuba a 1920. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932.

Na faɗi duk wannan don ka tsaya da ƙafarka, ba don ka mai da shi kulki ba. Tarihi yana kawar da kuskure, amma ban taɓa ganin wanda shekara ta 543 ta sa ya tuba ba. Kada kuma ka yi musun abin da yake gaskiya. Bishara ta iso ƙasar Hausa a zamani ɗaya da bindigar Bature, kuma ba kai ne lauyan Gwamna Lugga ba.

Hira takan juye gardama: Allah ba ya haihuwa, an canza Linjila. In ci gaba?

Amsa gajere, sau ɗaya, da ladabi. A kan Ɗan Allah, ka fara da abin da kuka yarda a kai: mu ma ba mu ce Allah ya yi aure ya haihu ba, wannan saɓo ne a wurinmu kamar yadda yake a wurinsu. A kan Linjila, ka ce in yana so ya karanta ya gani da idonsa. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, za ka tambayo.

In ka ga murya ta fara tashi, yara sun fara taruwa, mai shayi ta daina juya cokali tana kallonku, tsaya nan. Ka ce, "Malam, zumuncinmu ya fi mini wannan musu, mu bar shi sai wani jiƙon." Magana zarar bunu ce. Gaban jama'a mutum ba addininsa kaɗai yake karewa ba, har da mutuncinsa, kuma ba zai sauka ba ko ya ga gaskiya. Wasiƙar Bitrus ta fari 3:15 da kowa ke haddacewa ta ce mu zauna a shirye mu amsa wa mai tambaya, ta kuma ɗaure amsar da tawali'u da girmamawa. Mukan riƙe rabin farko mu manta na biyu.

Abu ɗaya kuma da ba ma so mu ji. In kana so ya saurari labarinka, saurari nasa. Tambaye shi me yake ji in ya kai goshi ƙasa da asuba. Ba dabara ba ce, haƙƙinsa ne.

In aka kira ni buɗa-baki ko zaman makoki, in je?

Je ka, da sauri ma. Mutanen Jazira kan tare hanya da azumi su sauke matafiya dole a sha ruwa tare, ba sa tambayar addinin kowa. Ka zauna kan tabarma, ka sha hilu-mur, ka ci asida. In aka tashi salla ka koma gefe ka zauna shiru, kada ka shiga sahu don kunya. Wurin makoki ka kai sukari ko shayi, ka taya ɗaukar kujeru, ka rufe bakinka. Ba ranar ba da shaida ba ce. Kirsimeti in ta zo kai ma ka aika musu abinci, da naman da Musulmi ya yanka.

Muna taimakawa a takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, muna raba abinci ga 'yan gudun hijira. Ba dama ce ta bishara ba?

A'a, kuma a kan wannan ba na sassautawa. Mai yunwa zai ce amin ga duk abin da mai ludayi ya faɗa. In ka haɗa kwanon ful ko na adas da wa'azi, ka sayi amin ɗin ne, ba ka sami zuciya ba. Ka kuma tabbatar da zargin da aka daɗe ana yi mana, cewa da abinci da magani muke farautar talakawa. Ƙari a kan haka, rana ɗaya za a rufe tukunyar, mutum ɗari su kwana da yunwa saboda bakinka. Zuba wa kowa daidai. In wani ya biyo ka bayan an wanke tukwane ya ce me ya sa kake wannan wahala alhali ba danginka ba ne, to ya tambaya, ka amsa.

Mama ta ce in tambaya: mace fa, da yara?

Mace da mace, namiji da namiji. 'Yan zumuntar mata sun fi mu samun hira mai zurfi, wajen shan jabana, wato gahawa, da lalle da jego, inda babu mai neman cin gardama. Yaran mutane kuwa ba a yi musu maganar addini a bayan iyayensu. Kai ma ba za ka so a yi wa naka ba.

Zan iya sa shaidata a Facebook ko in tura ta WhatsApp?

Taka, da sunanka, in ka auna ka ga za ka iya ɗaukar abin da zai biyo baya, ruwanka. Ka dai sani ana buɗe waya a shingen bincike, abin da ka rubuta shekara uku baya yana nan.

Ta wani kuwa haram. Kada ka sa hoton baftismar kowa, ko sunansa, ko unguwarsu, ko da a rukunin addu'a ne na majami'arku ta gida. Saƙo daga Gadarif ya je Jos ya dawo Gadarif kafin la'asar. Na san masu aika rahoto gida don a ga suna aiki, a aiko da taimako. Kai za ka sami tafi, shi a sake masa mata a karɓe 'ya'ya. Kai kana da fasfo da ƙasar komawa, shi nan ne kabarin kakansa.

Wani ya ce mini yana so ya bi Almasihu. Me zan yi?

Kada ka yi gaggawa, kada kuma ka gudu. Gaya masa gaskiyar abin da zai iya rasawa, don Yesu da kansa ya ce mai gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Kada ka yi masa alkawarin kuɗi ko biza ko aiki. In abin da ya kawo shi ke nan, gara ku rabu tun yanzu kuna abokai. Ku karanta Linjila tare a hankali. Ka haɗa shi da dattijo ɗan ƙasa daga ikilisiyoyin Sudan, waɗanda suka san dangi da doka fiye da kai, za su kuma kasance nan bayan ka koma gida.

Lokacin da zai gaya wa iyalinsa nasa ne, ba naka ba. Nikodimu da dare ya fara zuwa, Yusufu na Arimatiya almajiri ne a ɓoye, amma su biyun ne suka fito suka yi jana'izar Ubangiji ranar da masu baki suka watse. Ka kuma hore shi ya ƙara yi wa iyayensa biyayya fiye da dā.

Zan ƙetare daga Sawakin zuwa Jidda neman aiki. Haka abin yake a can?

Ba haka ba ne, ya fi tsanani nesa. A Saudiyya babu majami'a ko ɗaya a fili, ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya yi ibada a bainar jama'a ko ya kira wani zuwa addininsa, Makka kuma ba a shigarta sai Musulmi. Kada ka karɓi takardar da ta ce kai Musulmi ne don samun aiki. In aka tambaye ka addininka ka faɗa, ka riƙe amanar mai gidanka kamar yarinyar nan baiwa ta gidan Na'aman.

Baba, kai mece ce taka shaidar?

Gajeriya ce. Ni da ƙanena mun yi shekara 14 ba ma magana saboda gonar da mahaifinmu ya bari. Gaskiya ma rabin abin da ya kawo ni Sudan ke nan. Ina dattijon ikilisiya, ina karanta wa mutane addu'ar Ubangiji, a gafarta mana kamar yadda muke gafartawa, bakina yana faɗa zuciyata tana kulle.

Da Madani ta faɗi a Disambar 2023, maƙwabcina, wani Alhaji jikan mutanen Mai Wurno, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce, "Malam, ɗauko abin da za ka iya, akwai wuri a motar ɗana." Muka bi ta Sinnar da Dindir. Wani dare muka kwana ƙarƙashin motar muna jin ƙarar manyan bindigogi. Ban ji tsoron mutuwa kamar yadda na ji tsoron in mutu da wannan ƙulli ba. Na ga yawan abin da Almasihu ya yafe mini, na ga kadada biyun da na ƙi yafewa.

Da muka iso Gadarif wayata ta mutu, sai na ari ta Alhaji. Yana zaune kan angarib, gadon nan na igiya, kusa da ni na kira ƙanena, na ce ya riƙe gonar, ya yafe mini. Muka yi kuka mu biyu kamar yara. Da na miƙa wayar, Alhaji ya ce, "Malam, a ina aka taɓa yin haka, babba ya roƙi ƙarami, kuma da gaskiyarsa?" Na gaya masa abin da na gaya muku yanzu, bai kai minti uku ba. Ya yi shiru har garwashin ya fara toka. Sannan ya ce, "To, Allah ya sa mu dace," ya zuba mini jabana a finjali na biyu.

Yana nan da carbinsa, limamin unguwa ma yakan sa shi ya tsaya a madadinsa. Ranar Juma'a in ya dawo masallaci yakan biyo ta shagona, ya tambaye ni ko ƙanena ya yi shuka bana.